Takobin Itace: Abubuwan Mamaki Daga Hannun Masassaƙi Zuwa Fagen Kunfu

A ɗauko takobin ƙarfe irin na Sinawa mai nauyin giram 800, a ba masassaƙi ya fitar da irinsa sak da itace: tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, kauri ɗaya. In aka ɗora a sikeli, da ƙyar zai kai giram 100, domin ƙarfe ya ninka itace mai ƙwari nauyi kusan sau 10. Ke nan takobin itacen da ya fi kama da na gaske a ido shi ne ya fi rashin amfani a hannu. Ɗalibin da ya saba da shi, ranar da aka miƙa masa ƙarfe, wuyan hannunsa zai ba shi kunya. Shi ya sa masu sana'ar suke ƙara wa ruwan takobin kauri sosai, su haƙura da kyan gani don su samu nauyi. Duk da haka mafi yawan takubban itace ba sa kamo na ƙarfe.

Wannan kaɗai ya isa a gane cewa abin ba wasan yara ba ne. Takobin itace malami ne. In an sassaƙa shi da gaskiya zai koya wa hannu gaskiya, in an yi masa aikin gaggawa zai koya masa ƙarya.

Takobi biyu ne

Abin da muke gani a finafinan Chanis mu kira shi takobi gaba ɗaya, a wurin masu shi iri biyu ne. Akwai jian, miƙaƙƙe mai kaifi biyu da tsini. Duk wanda ya taɓa ganin takobin da mahaya suke ratayawa a hawan salla a Kano ko Katsina ko Damagaram ya san wannan siffa, don namu ma miƙaƙƙe ne mai baki biyu. Sai dao, mai kaifi ɗaya da baya mai kauri da ɗan lanƙwasa, na sara.

Sinawa sun ba manyan makamansu huɗu sarauta. Sanda ita ce kakar makamai, mashi sarki, dao janar, jian kuwa dattijon kirki. Malaman kunfu suna da wata magana cewa dao kwana 100 ne, mashi kwana 1,000, jian kwana 10,000. In ka lissafa, kwana 10,000 ya haura shekara 27.

A wurin masassaƙi kowanne da tasa wahalar. Lanƙwasar dao tana gitta jijiyar itace, nan ne kuma yake karyewa. Jian ba shi da wannan matsala, amma yana neman gefen dama da na hagu su zo daidai wa daida, kuma ido ba ya yafe ko ɗan karkata.

Sarki da karan rake

Cao Pi, wanda ya kafa daular Wei a shekarar 220, ya rubuta da kansa yadda ya taɓa gwabzawa da wani janar mai suna Deng Zhan. Suna zaune a wurin walima hira ta kai su ga maganar takobi. Shi janar ɗin an san shi da cewa yana iya shiga cikin masu makami hannu rabbana ya ƙwace. Cao Pi ya ce masa salonsa da sauran gyara. Gardama ta yi zafi, ga kuma rake ana sha. Sai kowa ya ɗauki kara guda suka sauka fili. Sau uku Cao Pi yana samun sa a hannu, 'yan kallo suna ta dariya. Janar bai yarda ba, ya ce a sake. Da aka sake, Cao Pi ya yi kamar zai kutsa, janar ya taso masa, shi kuwa ya goce ya sauke masa kara a goshi.

Labarin daga bakin wanda ya yi nasara ya fito, wannan a sani. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne mutum biyu da suka san takobi sun yarda karan rake ya raba musu gardama, kuma kowa ya koma gida da ransa.

Akwai wani labari da ya girme wannan, wanda ya fi kusa da tatsuniya. Wai wata budurwa daga dazukan ƙasar Yue ta shahara da takobi har sarki ya aika a kira ta ta koya wa sojojinsa. A hanya ta gamu da wani tsoho da ya nemi su gwada, suka kara da reshen gora, da ya ga ta fi ƙarfinsa sai ya haye bishiya ya rikiɗe ya zama farin biri. Sunan yarinyar bai zo a littafi ba, ana dai ce mata Budurwar Yue.

Ga kuma abin da ke faruwa in aka ƙi itace. Littafin Zhuangzi ya ba da labarin wani sarkin Zhao da ya tara 'yan takobi 3,000 a fadarsa suna sara da sukan juna dare da rana don nishaɗinsa. Kowace shekara fiye da 100 suna mutuwa ko su jikkata.

Fadawa da takobin bogi

A zamanin daular Han, daga sarki har ƙaramin ma'aikacin fada kowa da takobinsa a ƙugu. Da aka zo zamanin daular Jin, wadda ta ƙare a shekarar 420, sai aka mayar da takobin shiga fada na itace. Littafin tarihin daular ne ya rubuta haka. Manya suna sa wa nasu kai na dutse mai daraja, na ƙasa da su suna yi wa nasu ado da zinariya da azurfa da ɓawon kunkuru. Ado ya tsaya, haɗari ya tafi.

Littafin takobin da sanda ce a ciki

Janar Yu Dayou, wanda ya rayu daga 1503 zuwa 1579, ya bar littafi mai suna Jian Jing, wato littafin takobi. In ka buɗe, sanda yake koyarwa. A ganinsa wanda ya iya sanda ya kama tushen sauran makamai. Shi ne kuma ya ziyarci gidan ibadar Shaolin, wanda finafinai suka sa kowa ya sani, ya kalli wasan sandarsu ya ce sun yar da ainihin abin. Ya ɗebi biyu daga cikin mazauna gidan suka bi rundunarsa ya koya musu, suka koma suka koyar da sauran.

Wani abin mamakin: a shekarar 1621 Mao Yuanyi ya fitar da babban kundinsa na harkar yaƙi, Wubei Zhi, ya ce fasahar yaƙi da miƙaƙƙen takobi ta ɓace a ƙasar Sin, sai daga Koriya aka samo ta aka dawo da ita.

Itacen da ya dace

Nan ne gizo yake saƙa. Yawancin mutane suna zaton itacen da ya fi tauri shi ya fi kyau. Ba haka ba ne. Tauri daban, juriya daban. Akwai itacen da ƙusa ba ta shiga cikinsa, amma in ya sha duka sai ya tsinke lokaci guda ya bar tsini mai kaifi, a hannun ɗalibi kuma yana fuskantar abokinsa. Baƙin itacen nan mai tsada, ɗan'uwan kanya, haka halinsa yake: ga kyau ga nauyi, amma ya fi dacewa da rataya a bango. Abin da ake so shi ne itacen da zai karɓi duka ya ɗan lotsa, in ma ajalinsa ya zo ya tsage a hankali, ya yi gargaɗi kafin ya rabu.

A Amurka itacen hikori ne gwani a wannan fanni, shi ne kuma suke yin ƙotar gatari da guduma da shi. Japanawa farin itacen ok suke so. Sinawa suna da wani farin itace da suke kira baila, wanda ake kiwon wasu ƙananan ƙwari masu fitar da farin kaki a kan bishiyarsa. Yana lanƙwasa ya dawo ba tare da ya karye ba, shi ya sa sanda da ƙotar mashi suka fi cin moriyarsa.

Wanda yake Zariya ko Maraɗi ba sai ya yi odar hikori ba. Ya je wurin masassaƙi ya tambaye shi da wane itace yake yin ƙotar gatari da ta fartanya, domin tambaya ɗaya ce: wane itace ne ke shan duka shekara da shekaru bai tsinke ba? Marke da aduwa za su fito a amsar. Kirya tana da nauyi da tauri ƙwarai, tana cinye bakin kayan aiki, kuma takobinta zai yi wa na abokin atisaye illa. Farin katakon nan marar nauyi da ake rufi da shi kuwa, a bar shi inda yake.

Bayan irin itace sai jijiya, kuma ita ce ta fi komai. Itace kamar tsintsiya yake: tsinke-tsinke ne da aka haɗa suka miƙe wuri ɗaya. In takobi ya bi tsawonsu daga gindi har tsini, kowane tsinke yana taimakon ɗan'uwansa. In zarto ya gitta su a karkace, to an riga an shata layin da takobin zai karye tun kafin a gama shi. Saboda haka tsofaffin masu sana'a suka fi son faskara gungume a kan yanka shi. Faskare dole ya bi jijiya, zarto kuwa ba ruwansa. Wanda zai sayi yankakken katako, ya juya shi ta gefen siriri ya zaɓi layi guda ya bi shi da yatsa. In layin ya fita daga gefe kafin ya kai ƙarshe, a ajiye wannan a ɗauki wani. In akwai gaɓa ko idon reshe, a ajiye. A kuma riƙe shi da yatsu biyu a ƙwanƙwasa: lafiyayyen busasshen itace yana amsawa da ƙara garau, mai ɓoyayyen tsagu yana amsawa a dishe.

Ɗanyen itace ba ya takobi. Ƙa'idar da masu katako suke bi ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Ruwa ya fi saurin fita ta bakin yanka, shi ya sa tsagu yake farawa daga can, shi ya sa kuma ake toshe bakin biyu da kaki ko fenti. Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: itace yana ƙanƙancewa ta faɗi, amma ta tsawo kusan ba ya motsi. Takobin da aka haɗa da damina, in hunturu ya shigo za ka ji makarin hannu, wanda ke tsakanin ruwan takobi da ƙota, yana girgiza.

Ana auna takobi da kunne

Ba tsawo ɗaya ne ga kowa ba. Ɗalibi zai miƙe tsaye, ya riƙe takobin a juye, hannu a sake a gefe, ruwan ya bi bayan damtse ya yi sama. Tsinin ya kamata ya kai saman kunne. Wannan ba al'adar malamai kaɗai ba ce, har a dokokin gasar wushu ta duniya, wato gasar kunfu, haka ake duba takobi. Ga babban mutum, ruwan yakan kama santimita 70 zuwa 80, gaba ɗaya kuma kusan mita guda.

Sai ma'aunin nauyi. A kwantar da takobi a kan yatsa guda a rinƙa matsawa har ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba. Ana so wurin ya faɗo kamar faɗin tafin hannu a gaban makari. In ya yi gaba da yawa, takobin ya zama kulki, yana jan hannu. In ya dawo cikin ƙota, tsinin ya zama marar kai, ba ka jin inda yake. Takubba biyu masu nauyi ɗaya a sikeli suna iya bambanta a hannu har ka rantse ɗaya ya ninka ɗaya.

Kakan kafintoci

Kafintocin Sin suna da uban gida, Lu Ban, wanda ya rayu kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Ana cewa wata ciyawa mai haƙora ce ta yanke shi a hannu, ya duba bakinta, daga nan ya ƙirƙiro zarto. Ana kuma jingina masa zaren tawada: ɗan akwati mai auduga jiƙe da tawada, zare yana ratsawa ta ciki. A ja zaren a ɗaure daga wannan baki zuwa wancan, a ɗaga tsakiyarsa da yatsu biyu a saki. Tas! Baƙin layi miƙaƙƙe ya kwanta a kan itace. Ga mai yin jian, babu layin da ya kai wannan muhimmanci.

Abin fere katako na hannu ma da bambanci. Na Sinawa yana da sanda a gicciye da ake kamawa da hannu biyu a tura gaba. Maƙwabtansu Japanawa jawo nasu suke yi zuwa ƙirji.

A bakin aiki

In an samu itace, a shata layin tsakiya a fuskoki huɗu duka: sama, ƙasa da gefuna biyu. Layin sama da na ƙasa su ne za su zama ƙashin bayan takobi, na gefe su ne kaifi. Daga nan duk aikin shi ne cire abin da ke tsakanin layi da layi ba tare da an taɓa layin kansa ba. Gizago ya fara rage tudu, magagari ya bi baya. Mai aiki yana fere wannan fuska sau goma, ya juya ya fere waccan sau goma, sannan ya ɗaga takobin ya rufe ido ɗaya ya hango shi daga gindi zuwa tsini. In wuƙa ta fara cizon itace tana tayar da ɓawo maimakon ta zame, ka saba wa jijiya, juya ka taho ta ɗaya ɓangaren. A ƙarshe fasasshen gilashi yana kankare saman ya fitar da siririn gashi mai murɗewa, santsin da yake bari ya fi na samfefa.

Jian na yau da kullum fuska huɗu gare shi. Amma akwai na zamanin Han mai fuska takwas, wanda masu tara takubba suke ji da shi. Mai koyo ya tsaya a huɗu.

Ruwan ba kauri ɗaya ba ne. Yana farawa da kauri kusa da hannu, yana sirancewa har tsini, ta faɗi da ta kauri duka. Wannan sirancewa ce take dawo da nauyi baya, ita ce kuma masu aikin gaggawa suke tsallakewa. A takobin ƙarfe ma ruwan kashi uku ne: na kusa da hannu dakusasshe ne don tare sara, na tsakiya da ɗan kaifi, na gaba shi ne aska.

Abu uku kuma ba a sassauci a kansu. Ruwa da ƙota su zama itace guda, kada a haɗa su da ƙusa ko gam. Ƙota kada ta zama zagayayya, a ɗan matse ta ta gefe, domin da haka ne tafin hannu yake sanin inda kaifi ya fuskanta ko ido a rufe. Makarin hannu kuwa a yi shi daban, jijiyarsa a gicciye, a zura shi. In aka fitar da shi daga jikin itacen takobin, fikafikansa gajeriyar jijiya gare su, duka ɗaya zai ɓalle su.

Man da ke iya cinna wuta

Sinawa da man tung suke shafe itace, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya ta kudancin ƙasar. Da shi suka daɗe suna kare jiragen ruwansu da lemar takarda. Sirrinsa shi ne yana haɗuwa da iska ya daskare a cikin itace. Wannan haɗuwa tana fitar da zafi, shi ya sa tsumman da aka shafa irin wannan mai da shi, in aka dunƙule aka jefa a lungu, yana iya kamawa da wuta shi kaɗai ba ashana. A shanya shi a buɗe ko a tsoma shi a ruwa.

Man gyaɗa da man kaɗanya ba sa daskarewa haka, danƙo kawai za su bari. Fanish mai ƙyalli yana sa tafin hannu kanta, kuma yana ɓoye tsagu. In ba a samu man da ke bushewa ba, kakin zuma ya wadatar.

Shahararren fentin nan na Sinawa mai sheƙi, wanda ƙaron bishiya ne, shi kuma a cikin laima yake bushewa, busasshiyar iska hana shi take yi. Ɗanyensa yana sa ƙuraje masu ƙaiƙayi a fata.

Takobin da ba na mutane ba

Akwai takobin itacen da ba a yi shi don atisaye ba. A tsohuwar al'adar Sinawa, itacen fic yana korar miyagun iskoki, don haka malaman addinin Tao suke riƙe takobin da aka sassaƙa da shi a wurin tsafinsu, wasu kuma su rataya a gida. Garin Feicheng da ke lardin Shandong ya yi suna a wannan sassaƙa. Wanda ya ga fim ɗin nan na Hong Kong na 1985, Mr. Vampire, zai tuna Lam Ching-ying da takobinsa na itace, da kuma zaren tawadar kafinta da aka yi wa akwatin gawa layi da shi. Akwai ma takobin da ake yi da tsofaffin kwabbai masu huda, a ɗaure su da jan zare. Irin waɗannan na imani ne da ado. Wanda ya saya don ya yi atisaye da aboki ya yi asarar kuɗinsa.

Tuntu da yatsu biyu

Jan tuntun da ke lilo a gindin takobi shi ke raba takobin malamai da na mayaƙa: mai tuntu na masu ilimi da wasa ne, marar tuntu na fagen fama. Malamai suna amfani da shi wajen gane ɗalibi, don in motsi ya yi gaggawa ko ya karye, tuntun zai naɗe hannu ya tona asiri. Hannun da ba ya riƙe da takobi ma ba a barinsa banza. Ana miƙe manuniya da ta tsakiya a haɗe, a lanƙwashe sauran, yana daidaita jiki yana rakiyar takobin.

Maƙwabta

Rumawa kuwa, a matsalar nauyin da muka fara da ita, wuce nauyin ƙarfe suka yi. Marubucin soja Vegetius ya ce ana ba sababbin sojoji takobin itace mai ninki biyu na nauyin na gaske, su wuni suna dukan turke, don ranar yaƙi ƙarfe ya zame musu sauƙi. Bawan da ke faɗa a dandali kuma, in ya samu 'yanci, takobin itace ake miƙa masa shaida.

A Japan ana ba da labarin Miyamoto Musashi, wanda a 1612 ya sassaƙa takobi daga filafilin kwalekwale ya kashe Sasaki Kojiro da shi, shi kuwa Kojiro dogon takobin ƙarfe ne a hannunsa. Duk mai cewa itace ba ya kisa ya riƙe wannan.

Kuben da ya yi gadi

A watan Disamba na 1965, a lardin Hubei, masu tonon tarihi suka buɗe wani kabari suka tarar da takobin tagulla na Sarki Goujian na Yue, mai tsawon kusan santimita 56. Ya haura shekara 2,400, amma da aka zare shi ba tsatsa, ga kaifi. A cikin kuben itace mai baƙin fenti aka same shi, kuma yadda kuben ya matse shi ya hana iska shiga yana cikin dalilan da masana suke kawowa. A 1994 aka kai shi baje koli a Singafo, wani ma'aikaci ya buge shi ya yi tsagu na milimita 7. Yanzu yana gidan tarihin Hubei a birnin Wuhan, kuma an hana fita da shi waje.

Marubucin nan Jin Yong, a labarinsa na jaruman gaggafa da ya fara fitowa a 1959, ya ƙirƙiri wani gwani da ya bar tarihin takubbansa bisa matakan rayuwarsa: mai kaifi na ƙuruciya, sai mai laushi, sai ƙaton baƙin ƙarfe marar kaifi. Na ƙarshe, na bayan shekara 40, na itace ne. Ƙagaggen labari ne, amma ya nuna inda Sinawa suka ajiye itace a zuciyarsu.

Yau da safe a Bejin

A 1957 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta tsara gajeren salon takobin taici, wani reshen kunfu, mai motsi 32 don kowa ya iya koya. Shi ne tsofaffi suke yi a lambunan Bejin da Shanghai da sanyin safiya, wasu da itace, wasu da wani takobi da ake turawa ya shige cikin kansa a jefa a jaka. A 2020 hukumar UNESCO ta sa taici cikin gadon al'adun duniya. A wannan shekarar ce kuma kwamitin Olamfik ya amince a sa wushu cikin wasannin matasa na Dakar na 2026, nan kusa da mu a Afirka ta Yamma. Su kuwa takubban da 'yan gasa suke kaɗawa suna ƙara fal-fal, siraran ƙarfe ne masu lanƙwasa, kuma takobin itace mai kyau ya fi su kusa da halin takobin yaƙi, domin shi ba ya rawa.

Yaranmu suna son wannan wasa, kuma ko an hana su za su fere kara su yi. Don haka, malam kafinta, in yaro ya zo maka da hoton takobi a waya, kada ka yi masa tsini. Ka dakusar da bakin ya zama zagayayye mai kauri, ka kashe kaifin gefuna biyu, ka zaɓa masa itace mai miƙaƙƙiyar jijiya ko da zai ƙara kuɗi. Iyaye kuma, kada a bar yara biyu su kara da juna sai da babba a wurin da abin kare fuska da ido. Kafin kowane atisaye a bi jikin takobin da tafin hannu daga gindi zuwa baki, in aka ji tsagu ko sartse, a ajiye shi a ranar.